Yadda ake ɗaure gaɓoɓin tifa da tiyon haidrolik a manhajar zanen inji

Na rubuta wannan bayani ne domin matasanmu na Aboabo, Asawase da Sabon Zongo a Kumasin ƙasar Ghana da suka fara zana inji a kwamfuta, musamman masu kai-komo tsakanin aji da garejin Magazin na Suame. Zana ƙarfe ɗaya-ɗaya ba ya daɗe yana ba mutum wuya. Inda ake cijewa shi ne ranar da aka ce a harhaɗa su su motsa. Ka ja kwandon tifa da linzamin kwamfuta, sai silinda ta fice ta yi gefe, ko jan gargaɗi ya cika allo, ko tiyo ya sandare a iska alhali bakin da aka ɗaura shi ya yi gaba abinsa. Sana'ata ke nan, ina zana wa fitoci da masu walda abin da za su yanka, kuma abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne wannan: ka ɗaure zane daidai da yadda ƙarfen gaske yake motsi, kada ka ƙara ko ɗauri ɗaya, sannan ka bar tiyo ya zama mabiyi. Tiyo ba ya jan kowa, shi ake ja.

Misalin da zan bi da shi har ƙarshe tirela ce ta tarakta mai juye kaya, irin wadda manoman masara na Ejura da Techiman ke zuwa a ƙera musu. Ƙarafanta masu motsi kaɗan ne, amma duk wata rigima ta wannan fanni tana cikinta. Wanda ya iya ta zai iya hannun katafila da injin buga bulo.

Game da manhaja, ba zan tsawaita ba. FreeCAD kyauta ce, kuma tun fitowar sigarta ta 1.0 a watan Nuwamba 2024 tana da sashen harhaɗa inji a cikinta. Tana aiki ba tare da intanet ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa. Onshape a cikin burauza take aiki, kuma idan tsarin kyauta ka ɗauka, zanenka a buɗe yake ga kowa, don haka kada ka sa aikin kwastoma a ciki. SolidWorks da Inventor su ne za ka tarar a manyan kamfanoni. Bambancin da ya shafe mu guda ne. A SolidWorks yawanci kana tara ɗauri kaɗan-kaɗan, wannan fuska ta manne da waccan, wannan rami ya daidaita da wancan, har motsin da kake so ya rage. A FreeCAD, Fusion da Onshape kuwa gaɓa ɗaya kake zaɓa ka ɗora a kan wuri ɗaya, ita ce za ta faɗi motsin da aka bari. Lissafin da ke ƙarƙashinsu duka ɗaya ne. Kuma ko wace ka ɗauka, ka riƙa adana aikinka bayan kowace gaɓa, don dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ba ya sallama.

Fara da ƙirga

Duk ƙarfen da ka shigar fagen harhaɗawa, kafin ka taɓa shi, yana da hanyoyin motsi 6. Uku na tafiya ne: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Uku na juyawa ne a kan waɗannan layuka. Aikin gaɓa shi ne ta ƙwace wasu ta bar wasu. Gaɓar kafewa tana ƙwace duka 6. Gaɓar juyi, wato irin ta hinjin ƙofa, tana ƙwace 5 ta bar juyi ɗaya. Gaɓar zamiya ita ma 5 take ƙwacewa, ta bar tafiya a kan layi ɗaya. Gaɓar juyi da zamiya, kamar sanda a cikin bututu, tana ƙwace 4. Gaɓar ƙwallo tana ƙwace 3, ta bar juyi ta kowane ɓangare. Waɗannan lambobi biyar ka haddace su, don da su za ka riƙa gano cutar zane tun kafin manhaja ta yi kuka.

Matakin farko a aikace shi ne kafe shasi. Ƙarfe ɗaya tak ake kafewa, kuma ka sa cibiyarsa ta dace da cibiyar fagen, ta yadda layin da ya raba tirela biyu, dama da hagu, zai zama layin tsakiyar zanen gaba ɗaya. Idan ba ka kafe komai ba, da ka ja kwando duk tirelar za ta biyo shi. Idan kuma ka kafe biyu, wata rana za ka zauna kana neman dalilin da ya sa silinda ta ƙi motsi alhali tun farko ƙusa ce aka buga mata.

Kafin ka shigo da ƙarafa masu jiki, ina ba ka shawara ka zana ƙashin injin da layuka kawai, a gefe, kamar kana kallon tirelar daga bakin hanya. Ɗigo uku ne ke mulkin komai: fin ɗin da kwando ke juyawa a kansa a baya, fin ɗin gindin silinda a jikin shasi, da fin ɗin idon sandar silinda a ƙarƙashin kwando. Su ukun sun ba ka alwatika, gefe biyu ba sa canzawa, na uku shi ne silinda mai tsawo da gajarta.

Ga lambobi don a ga amfanin abin. A ce silindar da aka samo tsawonta a rufe milimita 900 ne daga fin zuwa fin, kuma sandarta tana fitowa milimita 600, wato a buɗe 1500. Daga fin ɗin kwando zuwa gindin silinda 1300, daga fin ɗin kwando zuwa idon sanda 1000. Idan ka sa waɗannan a zanen layi ka auna kusurwa, a rufe za ka samu wajen digiri 44, a buɗe wajen 80. Ke nan kwando zai tashi digiri 36 da ɗoriya kawai. Busasshiyar masara za ta iya zuba, amma jiƙaƙƙen yashi ko takin kaji zai maƙale a ciki sai an shiga da shebur. Yanzu matso da idon sanda kusa da fin ɗin kwando, daga 1000 zuwa 750. Kusurwar ta koma daga wajen 42 zuwa kusan 90, tashin kwando ya haura digiri 47. Lamba ɗaya ka canza. Sai dai ba kyauta aka ba ka ba, don duk yadda ka matso kusa da fin, haka ƙarfin da silinda ke buƙata don ɗaga kaya yake ƙaruwa. Silinda mai faɗin ciki milimita 80, a matsin bar 180, tana tura abin da ya kai tan 9 da 'yan kai, kuma wani kaso ne kawai na wannan ke tafiya wajen ɗagawa idan tana kwance-kwance a farkon tashi. Wannan ciniki a kan layuka uku ake gama shi, tun ba a sayi falanki ko ɗaya ba.

Dalilin jan gargaɗi

A nan ne zan daɗe, don nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna su ce manhajar ce ba ta da kyau. Ƙarafa masu motsi a tirelarmu uku ne: kwando, gangar silinda, da sandarta. Uku sau 6 ya ba da 18. Abin da hankali ke fara kawowa shi ne a sa gaɓar juyi a fin ukun nan, a sa gaɓar zamiya tsakanin ganga da sanda. Gaɓa huɗu ke nan, kowace ta ƙwace 5, jimilla 20. To ta yaya za a cire 20 daga 18? Motsi ɗaya muke so ya rage, wato 17 ya kamata a ƙwace, mu kuma mun ƙwace 20. Ɗauri uku sun yi yawa. Wannan ƙirga ita ce ake dangantawa da injiniyoyin Jamus Grübler da Kutzbach, kuma ba ta wuce tarawa da ɗebewa ba.

Wani zai ce ai a gareji haka ake yi, fin uku ne kuma tifa tana tashi lafiya. Gaskiya ne. Ƙarfen gaske yana da sassauci. Akwai ɗan wasa tsakanin fin da bushin, akwai giris, kuma kunnen da aka yi wa walda yana ɗan lanƙwasawa ya karɓi kuskuren milimita ɗaya ko biyu. Kwamfuta ba ta san wasa ba. Idan ka gaya mata abu ɗaya sau biyu ta hanyoyi daban-daban, kuma lambobin suka saɓa ko da da ƙwayar gero ce, sai ta tsaya cak, kamar dabbar da aka yi wa dabaibayi kuma aka ƙara ɗaure ta a turke. Wani lokaci ma za ta yarda yau saboda komai ya dace, ranar da ka matsar da kunne ɗaya milimita biyu kuma duk zanen ya yi ja.

Maganin shi ne ka saki abin da aka riga aka riƙe ta wani wuri. Ga tsarin da nake bi. Kwando da shasi, gaɓar juyi, 5. Gindin ganga da shasi, gaɓar juyi da zamiya, 4, wato na bar ta ta iya zamewa a kan fin. Sanda da ganga, gaɓar zamiya, 5. Idon sanda da kwando, gaɓar ƙwallo, 3. Tara su: 17. Saura motsi ɗaya, shi ne tashin kwando. Kada ka ji tsoron gangar za ta zame gefe. Ƙwallon da ke sama ya riga ya riƙe ta a tsakiya, shi ya sa ba ta buƙatar riƙo na biyu a ƙasa. Akwai wani haɗi da ke yaudara: ka sa juyi a gindi, juyi da zamiya tsakanin sanda da ganga, ƙwallo a ido. Shi ma 17 yake bayarwa, amma sandar za ta iya juyawa a kan kanta ba dalili, kuma akwai ɗauri ɗaya da ya maimaitu a ɓoye. Saboda haka bayan ƙirga, sai ka kama kowane ƙarfe da linzami ka ja, ka ga ko akwai motsin da ba ka yi niyya ba.

Masu SolidWorks su lura da abu guda. Idan ka daidaita rami biyu na kunnuwan kwando da fin biyu, kowanne da nasa ɗaurin, ka maimaita magana. Ɗaya ya isa, sai ka ƙara wanda zai hana zamewa gefe, kuma gara ka yi shi da layin tsakiyar kwando da na shasi maimakon fuskar ƙarfe. Fuska tana iya ɓacewa idan ka sake fasalin kunne, ɗaurin ya rasa abin kamawa. Layin tsakiya ba ya zuwa ko'ina. Haka ma a sauran manhajojin, ka ɗora cibiyar gaɓa a tsakiyar fin, tsakanin kunnuwa biyu, ba a bakin rami ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ka sa gaɓa ɗaya, ka ja ka gwada, sannan ka sa ta gaba. Ka ba kowace suna da za ka gane bayan wata shida, kamar fin kwando ko gindin silinda. Noti da washa da kusoshi ka kafe su a jikin uwarsu a dunƙule, ko ka bar su sai ƙarshe. Ka sa iyaka a gaɓar zamiya, daga 0 zuwa 600, kuma a nan kaɗai, don silinda ce ke tsayar da kwando a sama. Idan ka sa wata iyakar a kusurwar kwando, biyun za su yi karo. Iyakar tana kuma hana wani abu mai ban haushi, inda ka ja da sauri sai kwando ya kife ya koma ƙarƙashin shasi, don a lissafi alwatika tana iya rufuwa ta sama ko ta ƙasa, duka daidai ne a wurin kwamfuta. In kuwa ka shigo da silinda a matsayin ƙaramin haɗi mai zaman kansa, SolidWorks da Inventor za su ɗauke ta sandararriya, sai ka shiga bayananta ka mayar da ita mai sassauci kafin sandar ta yarda ta fito.

Tiyo

Tiyo ba ya cikin ƙirgar da muka yi. Ba shi da gaɓa, ba shi da siffa ɗaya. Abin da yake da shi wanda ba ya canzawa uku ne: tsawonsa, inda bakunansa biyu suka dosa, da iyakar lanƙwasar da zai iya ɗauka. Manhajar zane ba ta san nauyin roba ko taurin wayar da ke cikinta ba. Layi kawai take ja tsakanin wuri biyu ta tufatar da shi da da'ira. Don haka kada ka nemi ta nuna maka ainihin yadda tiyo zai kwanta. Tambayar da za ta iya amsa maka ita ce, da wannan tsawo, akwai hanyar da tiyo zai bi a kowane matsayi ba tare da ya miƙe tsam, ya karye, ko ya goga da ƙarfe ba?

Ka fara da kawunan ƙarfe, wato waɗanda ake matsewa a bakunan tiyo. Zana su a matsayin ƙarafa na gaske, ka kafe ɗaya a bakin silinda, ɗaya a bututun da ke jikin shasi. Daga kowane kai, ja miƙaƙƙen layi gajere a kan tsakiyarsa. Masu ƙera tiyo suna son a bar miƙaƙƙen wuri bayan kai kafin lanƙwasa ta fara, kimanin kaurin tiyon sau ɗaya da rabi zuwa biyu, don a nan bakin matsi ne tiyo ya fi saurin fashewa. Sai ka haɗa ƙarshen layukan biyu da lanƙwasasshen layi, sifilayin, ka umarce shi ya fita salin-alin daga kowane miƙaƙƙen layi ba tare da kusurwa ba. Kada ka cika masa ɗigo. Bakuna biyu da ɗigo ɗaya a tsakiya sun isa mafi yawan aiki, don kowane ƙarin ɗigo yana kawo ƙusumbi idan inji ya motsa. Daga nan ka kulle tsawon layin da lamba. SolidWorks tana yarda a ɗora wa sifilayin ma'aunin tsawo. Inda manhaja ba ta yarda ba, akwai hanyar da ni na fi so ma: ka gina hanyar da miƙaƙƙun layuka da bakan da'ira, kowanne ya haɗu da na gabansa salin-alin, ka kafe faɗin bakan, ka bar tsawon miƙaƙƙun su riƙa canzawa, sannan ka rubuta lissafin da zai riƙe jimillarsu. Ba ta da kyan gani kamar sifilayin, amma kana ganin lanƙwasarka a lamba.

Ita lanƙwasar a ina ake samun iyakarta? A jikin tiyon akwai rubutu. Wanda muka fi gani a Magazin shi ne mai saƙar waya biyu, za ka ga an rubuta SAE 100R2 ko EN 853 2SN. Lambar girma da ake rubutawa da ɗan layi a gabanta tana ƙirga kashi ɗaya cikin goma sha shida ne na inci, wato -8 rabin inci ke nan. Na rabin inci a ma'aunin 2SN yana ɗaukar bar 275, kuma ba a lanƙwasa shi ƙasa da milimita 180, wato rabin faɗin da'irar lanƙwasar. Na inci uku bisa huɗu milimita 240, na inci ɗaya milimita 300. Ga inda ake yawan tuntuɓe: wannan lamba ta cikin lanƙwasa ce, wato gefen tiyon da ke ciki, kai kuma layin da ka zana tsakiyar tiyo ne. Sai ka ƙara rabin kauri. Na rabin inci kaurinsa na waje ya kai wajen milimita 22, don haka layinka kada ya matse ƙasa da 191. Ni 200 nake sawa in huta. A SolidWorks akwai umarnin da ke nuna wurin da sifilayin ya fi matsewa da lambarsa, a Fusion kuma akwai tsefen lanƙwasa da ke tsawo a inda abin ya yi tsanani. Ka kunna su.

Idan baki ɗaya yana tafiya a miƙe, ɗayan yana tsaye, kamar a injin buga bulo, siffar U ce ta fi dacewa, kuma tsawonta ana samunsa da hannu. A ce tafiyar milimita 600 ce, lanƙwasa 200, miƙaƙƙen wuri 50 a kowane kai. Rabin da'ira ya ci 628. Idan ka ajiye tsayayyen bakin a daidai tsakiyar tafiya, rabin tafiyar kawai za ka ƙara, 300. Da 100 na kawuna, jimilla 1028. Idan kuwa ka ajiye shi a ƙarshen tafiya, 600 ɗin duka za ka ƙara. Wurin da ka liƙa bututu a zane ya rage maka ko ya ƙara maka tiyo milimita 300. Sannan ka tuna tiyo yana canza tsawo idan mai ya cika shi da matsi, yana iya ƙaruwa da kashi 2 cikin ɗari ko ya ragu da kashi 4. Raguwar ce abin tsoro, don ita ke fizge kai. Sai ka kai 1028 ɗin nan wajen 1070.

A tifarmu motsin juyi ne, kuma dabarar ita ce ka kawo tiyo kusa da fin ɗin gindin silinda, inda ganga ke motsi kaɗan. Ka kuma tabbata hanyar tiyon tana kwance a fili ɗaya da juyin silindar. Idan silinda tana juyawa sama da ƙasa, tiyo kuma ya fito ta gefe ya lanƙwasa a kwance, duk tashin kwando murɗa shi ake yi. Littattafan masu ƙera tiyo suna gargaɗin cewa murɗa ta digiri 7 kacal tana iya cinye har kashi 90 cikin ɗari na kwanan tiyo. Manhaja ba za ta nuna maka murɗa ba, da'ira da'ira ce ko ta juya. Hanyar ganewa ita ce ka kalli zanen ta baya. Idan layin tiyo ya bayyana a matsayin siririn layi ɗaya a tsaye, kana lafiya. Idan ya yi ciki zuwa gefe, ka canza kai zuwa mai gwiwar digiri 45 ko 90, ko ka sa maɗauri a tsakiya ya raba tiyon biyu, kowane rabi ya lanƙwasa a filinsa.

Doka ɗaya da ba na sassautawa a kanta: kada a ɗaure wani ƙarfe a jikin tiyo. Tiyo yana karɓar wurinsa daga kawuna, kawuna daga silinda da shasi. Idan ka ɗaure maɗauri a jikin tiyo, sannan ka sa tiyon ya bi ta cikin maɗaurin, kowannensu yana jiran ɗan'uwansa, sai zanen ya riƙa canza siffa duk lokacin da ka sabunta shi. Maɗauri a jikin shasi ake kafe shi, tiyo ya bi. Kuma kada ka damu idan ka ja kwando tiyo bai biyo nan take ba. A SolidWorks sai ka sabunta zane yake komawa wurinsa. Idan kwamfutarka mai ƙaramin ƙarfi ce, kashe tiyon yayin da kake gwada motsi, ka kunna shi bayan ka tsaya.

Ka ajiye matsayi aƙalla uku: kwando a ƙasa, a tsakiya, a sama. Mutane suna duba farko da ƙarshe su manta tsakiya, alhali sau da yawa a nan ne bakunan biyu suka fi kusantar juna, tiyo ya yi rara, ya tanƙware ya shiga tsakanin kwando da shasi. A kowane matsayi duba tsawo, duba lanƙwasa, sannan ka gudanar da binciken karo. Ni nakan zana tiyon da ƙarin kauri, milimita 20 ko fiye a kowane gefe, don na gaske yana harbawa idan mai ya shigo da ƙarfi, kuma ƙurar jar ƙasa da ke maƙalewa a jikinsa tana cin roba a duk inda ya taɓa ƙarfe.

Tiyon da ke tsakanin tarakta da tirela ya fi wuya, don motsinsa biyu ne, kwana dama da hagu, da hawa da gangara. Ka sa gaɓar ƙwallo a wurin jan, ka gwada cikakkiyar kwana ta kowane gefe tare da gangara. Wani masta mai walda da nake yi wa zane, dattijo ne da ya fara aiki tun shekarun da jami'ar KNUST ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a Suame a 1980, ya tsaya a kaina ina nuna masa wannan a allo. Ya kalla da kyau, ya ce, "Ɗana, zanen ya yi. Amma ɗauko igiyar can." Ya ɗaura bakinta a inda kan tiyo zai zauna a bayan tarakta, ya ɗaura ƙulli a daidai tsawon da na rubuta, ya riƙe ƙullin a bakin bututun tirela da babban yatsa. Ya sa direba ya karya sitiyari har ƙarshe, a hankali, ƙafar baya ɗaya a kan katako. Igiyar ta miƙe amma ba ta ja yatsansa ba. Na ce, "Masta, ta isa?" Ya ce ta isa, amma a ɗaga tsakiyarta da sifirin don kada ta faɗa kan sandar jan. Wannan gwaji da igiya ko tsohon tiyo ina sa shi a kowane aiki kafin a je wurin masu matse kai, don da zarar an matse, kuɗi sun tafi.

Takardar da za ka ba mai matse kai ta ƙunshi nau'in tiyo da girmansa, tsawo daga ƙarshen kai zuwa ƙarshen kai, ba tsawon robar kaɗai ba, da irin zaren kowane kai. Injinan da ke shigowa Magazin daga ƙasashe daban-daban suke, don haka za ka haɗu da BSP na Ingila, JIC na Amurka mai gangaren digiri 37, na Jamus mai digiri 24, da na Japan mai digiri 30. Wasu suna shiga juna zagaye biyu ko uku su yaudare ka, sannan su yi yoyo. Ka tafi da tsohon kan a hannu. Idan duka bakunan masu gwiwa ne, rubuta kusurwar da ke tsakaninsu, ka zana ta kamar kana leƙen tiyon ta baki ɗaya, don bayan matsi ba sa juyuwa.

Wajen ɗaurawa a yi amfani da sufana biyu, ɗaya ta riƙe kai, ɗaya ta ɗaure noti, ana kallon rubutun jikin tiyo. Idan layin rubutun ya fara zagaye, an murɗa, a kwance a sake. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin kwandon da aka ɗaga sai an tokare shi da ƙarfe, kuma kada yaron shago ya nemi yoyo da tafin hannu. Man da ke fita ta ƙaramin huji a irin wannan matsi yana huda fata ya shiga nama, kuma aikin asibiti ne na gaggawa ko da raunin bai fi tsinin allura ba. A riƙa bi da guntun kwali, injin a kashe kuma a sauke matsi kafin a taɓa kowane noti.